Sunan Mahaifiyata a Bakin Manaja

Salamu alaikum, masu bibiyata. Ku gafarce ni da shirun da na yi kwana biyu. Ni dama ba mai yawan magana ba ce, saurare na fi iyawa, kuma abin da ya same ni a makon nan sai da na yi ta juya shi a raina kafin hannuna ya yarda ya rubuta. Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Intisar, 'yar Girga a ƙasar Sa'id, can kudancin Masar. Shekara biyu ke nan ina Alƙahira a wajen Goggo Zakiyya, ƙanwar Baba, a unguwar Imbaba. Ina aiki a wani kamfanin sayar da tayil, ni ce mai tsara motocin kai kaya: wace mota, wane direba, wane gari. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba. Akwai wani sunan ma da ba za ku ji a bakina ba, za ku gane dalili.

Manajanmu Ustaz Midhat ne. Ya ba hamsin baya, gashi ya sha baƙin rini, turarensa yana riga shi shigowa ofis, carbi a hannu kullum amma ban taɓa ganin laɓɓansa suna motsi ba. Ranar da na fara aiki, ina buɗe baki ya ji harshen kudu, sai ya tafa hannu.

"Jama'a, mun yi Basa'idiya! Daga yau kowa ya iya bakinsa, kada 'yan uwanta su zo mana da sanduna."

Aka yi dariya. Ni ma na yi murmushi, na zaci abin na rana ɗaya ne. Ina! Idan na haɗa shayi, sai ya leƙa kofin ya ce wannan kwalta ce, a kai wa masu gyaran titi. Idan wani kwastoma ya yi ƙorafin tayil ya fashe, sai ya ce, "Da da kan Basa'ide muke yin sa, ai ko guduma ba ta fasa shi." Idan na dawo daga hutun Sallah, sai ya tare ni a gaban mutane, "Ya lafiyar Hajji babanki? Ya tono wani abu bana a ƙarƙashin gida? Ki ce ya ajiye mini ɗan gunkin Fir'auna ɗaya."

Ina shanyewa. Na saba. Sai da na kai shekara goma sha ɗaya aka sa ni makaranta, domin ni na yi jinyar kakata har ta rasu. Na zauna a aji da 'yan shekara shida, gwiwoyina ba sa shiga ƙarƙashin tebur, suna mini waƙa a hanya. A can na koyi yadda ake yin shiru ana yi maka dariya. Kuma akwai Yaya Hammam. Bai taɓa son zuwana Alƙahira ba. Ranar da zan hau jirgin ƙasa ya riƙe jakata bai saki ba sai da ya faɗi sharaɗinsa: "Ranar da wani ya ɗaga miki murya a garin nan, ranar za ki dawo. Ba mu da 'yar da za a taka." Rabin direbobinmu kuwa 'yan kudu ne. Magana ɗaya ta fita daga ofis zuwa garejin motoci, kafin la'asar ta isa Girga.

To, ranar Lahadi da safe, farkon makon aiki a nan. Na sa doguwar rigata ruwan toka da ɗankwali mai ruwan zuma, wanda Tamir ya taɓa cewa yana yi mini kyau. Tamir shi ne mai neman aurena, yana sashen tallace-tallace, haifaffen Alƙahira ne. Wata bakwai muna magana da sanin Goggo, kuma Baba ya yarda su zo Girga ranar Juma'a ta sama a yi gaisuwa a karanta Fatiha.

Wata mota ta kai kaya garin Ɗanɗa ranar da ba a jiran ta, ta dawo da kayanta. Ustaz Midhat ne da kansa ya canza ranar tare da mai kayan ta waya, ya manta bai gaya mini ba. Ya tara mu, mu takwas, a ɗakin taro. Na lura da wani koren fayil a gabansa, ban kawo komai ba.

"Ustaz," na ce a hankali, "ba a sanar da ni an canza ranar ba."

"Ba a sanar da ke ba, ko an faɗa maganar ta bugi dutse ta dawo?" Ya ƙwanƙwasa kansa da yatsa. "Ku tsaya ma, bari mu duba asalin kan nan, mu ga daga wace ma'aikata ya fito."

Ya buɗe fayil ɗin. Nawa ne. Ya zaro takardar haihuwata, ya ɗaga ta sama kamar mai shela, ya karanta sunan Baba, ya karanta na kakana. Sai ya sauko layin ƙasa.

Ya faɗi sunan mahaifiyata.

Ya faɗa sau ɗaya, ya yi dariya. Ya sake faɗa yana jan sa kamar waƙa, yana kaɗa tebur da carbinsa. Na uku ya kwaikwayi muryar 'yan ƙauyenmu, kamar mai ƙwala mata kira daga bakin gona. "Wallahi sunan nan tun zamanin da ake gina dalar Fir'auna aka daina sa shi!"

Masu karatu, shekara talatin da bakwai Baba yana tare da ita, ban taɓa jin ya kira ta da sunanta a gaban kowa ba. Ummu Hammam yake cewa, haka duk gari. A katin bikin yayata ba a rubuta sunan ba. Yaya Hammam har yau haƙorinsa na gaba guntu ne, saboda wani yaro ya faɗi sunan nan a filin makaranta suna aji uku. Ni kaina a zuci nake faɗar sa, idan ina yi mata addu'a. Yau ga shi a bakin ƙato, a tsakiyar maza biyar, ana kaɗa masa tebur.

Ban yi kuka ba. Na ɗaga ido na nemi mutum ɗaya. Tamir ya sunkuyar da kai yana wasa da biro, amma na ga gefen bakinsa. Murmushi yake ɓoyewa.

Ina komawa teburina waya ta yi ƙara.

Tamir: Kada ki sa a ranki, kin san halinsa. Zuciyarsa fara ce wallahi.

Ni: Ka yi dariya.

Tamir: Ban yi ba! Yadda ya ja muryar ne kawai. Ki yi haƙuri, ya amar, farin watana.

Ni: Sunan mahaifiyata ya faɗa, Tamir.

Tamir: To ai suna ne mai kyau. Ni tawa Suzan ce, a ƙofar gidanmu ma an rubuta. Mai kawo gas da sunanta yake kiran ta.

Ya turo hoton fure. Na kife wayar. Me zan ce masa? Bai yi ƙarya ba, a ƙofarsu an rubuta. Sai dai na ji kamar ina yi wa mutum bayanin zafin wuta alhali bai taɓa ganin murhu ba.

Da na isa gida, na tarar da Goggo Zakiyya zaune a kan 'yar kujerarta a ƙofar kicin, tana yanka ganyen lalo da wuƙar nan mai kamar jinjirin wata, tana lilo da ita dama da hagu. Fanka tana ta ƙara a sama, rediyo yana karatun Alƙur'ani, gurasar da Mama ta aiko da ita ta hannun wani direba tana kan tire an rufe da farin ƙyalle. A kan gadona kuma an baje yadin da za a ɗinka mini na ranar Juma'a, shuɗi mai duhu da ɗan zare mai ƙyalli a baki.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Goggo. Gajiya ce."

"Gajiya ba ta sa mutum ya shigo da ƙafar hagu. Ke da ɗan birnin naki ne?"

"A'a."

"To Alhamdu lillahi. Ki saurare ni, 'yar ɗan'uwana. Shekararki ashirin da tara. Sa'o'inki a Girga suna da 'ya'ya huɗu huɗu. Babanki ya toshe kunne ga surutun 'yan uwa ya yarda da mutumin arewa, abin da bai taɓa faruwa a gidanmu ba. Ko mene ne ke cin ki, ki haɗiye shi da ruwa har a karanta Fatiha. Bayan nan ki zo ki yi mini aman sa."

Na so na gaya mata. Na buɗe baki ma. Sai na tuna Goggo ba ta iya riƙe magana tsakanin Magariba da Isha'i, kuma ita da matar Yaya Hammam kullum suna waya. Na ɗauki tafarnuwa na hau ɓarewa.

Litinin da Talata na je aiki kamar gawa. Ranar Talata ina wucewa ta gaban ofishinsa ya leƙo ya ce, "A gaida mini Hajiya," ya kashe ido ɗaya. A nan na yanke shawara. Wata da muka yi karatu tare ta ba ni lambar wata lauya, Ustaza Afaf. Ranar Laraba da na tashi aiki na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa unguwar Babul Luƙ. Ofishinta a hawa na huɗu yake, na'urar hawa ta lalace, na isa ina haki. Dattijuwa ce gajeriya, tabarau rataye a wuya da sarƙa, teburinta ya cika da fayiloli har ba a ganin katakon. Ta sa aka kawo mini ruwa, ta ce, "Faɗi, 'yata. Daga farko."

Na faɗa. Ta saurara tana rubuce-rubuce a bayan wata tsohuwar ambulan. Da na gama na tambaye ta abin da ya kawo ni.

"Ustaza, wannan ƙazafi ne ko cin zarafi? Ina so na san sunan abin da ake yi mini."

"Ƙazafi kam, da wuya." Ta sa tabarau. "Ƙazafi shi ne a ɗora miki wani aiki takamaimai, ke Intisar, a ce kin yi kaza ranar kaza, wanda da gaskiya ne da an hukunta ki ko mutane sun guje ki. Ya taɓa cewa kin saci wani abu?"

"Ya ce duk Sa'idawa ɓarayin kayan Fir'auna ne."

"Duk Sa'idawa ba su hawo benen nan ba. Ke kaɗai kika hawo. Ya ambaci babanki?"

"Ya ce, Hajji ya tono wani abu bana?"

"Tambaya ce, cikin raha. Lauyansa zai shanye wannan kamar ruwan rake." Ta juya ambulan ɗin. "Zagi, wataƙila. Maganar kai kamar dutse a gaban mutane, za a iya jan ta. Amma ƙofarki ta gaskiya ita ce tsangwama. Mutum mai iko a kanki, yana maimaita wulaƙanta ki saboda inda kika fito, a gaban abokan aiki, shekara biyu. Wannan zan iya tsayawa a kai."

Zuciyata ta ɗan yi sanyi. Na ce, "Sunan mahaifiyata fa? Shi ne babba."

Ta cire tabarau ta dube ni, kallon tausayi wanda ya fi mini zagi ciwo.

"'Yata, na san abin da kike nufi, kakata 'yar Asyuɗ ce, ita ma Basa'idiya. Amma hukuma ce ta rubuta sunan nan a takarda ta buga hatimi. Idan na tsaya gaban alƙali na ce ya faɗi sunan mahaifiyarta, zai ce, to sai me, sunan ƙarya ya faɗa? Za mu sa shi cikin jerin, ɗaya daga cikin goma. Shi kaɗai ba ya tsayawa."

Kun ji fa. Abin da na iya shanyewa shekara biyu, shi doka ta sani. Abin da ya hana ni cin abinci kwana uku, ba shi da suna a littafinsu.

"Kuma ina son shaida," ta ci gaba. "Kina da rubutu? Saƙo? Murya?"

"A'a. Da baki yake yi."

"To sai mutum. Cikin bakwai ɗin da ke ɗakin, wa zai tsaya ya ce na ji?"

Na bi su ɗaya bayan ɗaya a raina. Mai 'ya'ya huɗu, mai jiran ƙarin girma, wanda ya fi kowa dariya. Saura ɗaya.

"Akwai wanda zai aure ni."

"Madalla. Ki kawo shi. Abu na ƙarshe: idan muka shigar da ƙara, ba a ɓoye take ba. Za a kira shi, za a kira ki, ofis zai sani. Gidanku sun sani?"

Na ce ba su sani ba. Ta miƙo mini takarda mai layuka, ta ce na rubuta duk abin da na tuna da ranakunsa, na kawo mata tare da shaidata. Na ninke ta huɗu na sa a jaka.

Ranar Alhamis na tura wa Tamir saƙo na ce mu haɗu a shagon ruwan rake da ke kusa da tasha bayan an tashi. Ya zo da farar riga ya naɗe hannu, fuska a sake, ya ce wa mai shagon yana kambama shi, "Kofi biyu manya, ya basha, na amarya ka cika shi."

Ban taɓa kofin ba. Na gaya masa inda na je da abin da lauya ta ce. Ina magana fuskarsa tana canzawa kamar madarar da aka matsa wa lemon tsami.

"Kotu? Intisar, kotu? A kan wasa?"

"Wasa ne a wajenka."

"Ba haka nake nufi ba. Amma mu 'yan Masar da me aka san mu in ba raha ba? Ni ma yana tsokanata, yana ce mini ɗan Mama. 'Yan Dumyaɗ ana ce musu marowata, 'yan Manufiyya ana ce musu..."

"An taɓa kaɗa wa sunan mahaifiyarka tebur?"

"Ko an kaɗa, ni ba zan..." Ya tsaya. Ya share bakinsa. "To na ji. Ya yi kuskure. Zan same shi mu biyu, ya ba ki haƙuri."

"A gaban mutum bakwai ya yi. Ina so ka tsaya shaida, Tamir. Abin da ka ji kawai za ka faɗa. Ba na son ka ƙara ko wasali."

Ya kalli titi, ya kalli injin matsar rake, ya kalli komai ban da ni.

"Ba zan iya ba."

"Saboda aiki?"

"Ba aiki ba ne." Ya ja numfashi. "Na so ya zama abin mamaki ne. Kin tuna abin da Hajji ya ce? Kada na zo masa ni da Mama kawai, a gidansa ba a karɓar maganar aure daga bakin mace da yaro, na zo da babban namiji wanda zai yi magana a madadina. Babana ya rasu, kin sani. Kawuna yana Kuwait, ba zai samu zuwa ba. Ustaz Midhat abokin Babana ne tun suna soja, shi ya ɗauke ni aiki. Wata guda ke nan da na roƙe shi. Ya yarda, har ya ba da ɗinkin sabuwar kwat. Shi zai nema mini aurenki."

Ƙarar motoci ta ɗauke mini.

"Shi zai zauna a zauren Baba?"

"Shi kaɗai nake da shi, Intisar."

Sai wani abu ya faɗo mini. "Fayil ɗina. Me ya kai shi teburinsa ranar Lahadi?"

Ya sunkuyar da kai. "Ya ce yana son cikakken sunan Hajji da na kakanki, don ya san yadda zai gaisa da manya. Ni na karɓo masa daga sashen ma'aikata."

Na yi dariya, irin wadda ba ta da daɗin ji, har mai shagon ya waiwayo.

"Wato kai ka kai masa."

"Don alheri na yi! Ki saurare ni. Juma'a ɗaya ce. Zai zo, ya sha shayi, ya yi magana mai daɗi, ya iya wannan wallahi, a karanta Fatiha, mu dawo. Bayan biki ki bar aikin ma gaba ɗaya, ki huta da ganin sa. Wa zai sani?"

"Mama ce za ta gasa gurasar da zai ci."

"To ai ba ta sani ba."

"Ni na sani."

Na tashi. Ya biyo ni har bakin mota yana kiran sunana, ban juya ba. Kafin na isa Imbaba saƙonni goma sha ɗaya suka shigo. Na ƙarshe ya ce: Idan kika tona wannan, Hajji zai ce mutanen arewa ba su da mutunci, shi ke nan an gama da mu. Ki zaɓa mana, ni na gaji.

Shi ya gaji! Kun ji mutum.

Abin haushin, bai yi ƙarya ba. Idan na yi shiru, ina da miji, ina da aiki, kuma mutumin da ya mai da uwata abin waƙa zai miƙe ƙafa a kan shimfiɗar ubana, a yanka masa rago. Idan na yi magana, Yaya Hammam zai hau jirgi, kuma duk abin da ya yi a ofishin nan, Ustaz Midhat zai samu labarin da zai ba da har ya mutu: ba na gaya muku ba, ga su nan da sandunansu. Ina son Tamir, kada ku ce ba na son sa. Shi ne mutumin da ya taɓa tsayawa awa guda a rana yana jiran na gama jarrabawar wani kwas. Amma ranar nan na rasa inda zan ajiye son.

Yau Juma'a da safe na zauna na cika takardar Ustaza Afaf, gaba da baya, har na ƙara wata. Ban san na riƙe ranaku haka ba. Wajen da aka ce sunan shaida na bar shi fari. Bayan an sauko daga masallaci, Goggo ta tafi wajen tela da yadina, ni kaɗai a gida, sai ga kiran Baba.

"Intisar."

"Na'am, Baba. Ina wuni?"

"Lafiya. Yaron nan ya kira ni jiya, ya ce babban da zai zo da shi manajanku ne, wai Midhat. Na ce to. Baffanninki za su zo, na sa Hammam ya ware rago. Amma ni ban san mutumin ba, ke kika zauna ƙarƙashinsa shekara biyu. Kafin na shimfiɗa wa mutum a zaurena, ina so na ji daga bakinki. Mutumin kirki ne?"

Daga nesa na jiyo muryar Mama tana cewa a tambaye ni ko baƙon yana cin tantabara, ta ɗura masa guda huɗu.

Kalma ɗaya ce. Idan na ce eh, komai ya wuce. Na dubi takardar da ke kan cinyata. Baba bai taɓa tambayata abu na yi masa ƙarya ba, shi ya sa ya bar ni na zo garin nan.

"Baba, Yaya yana kusa?"

"Ya fita gona."

"Ka ɗan matsa daga wajen Mama."

Na ji takunsa, na ji ƙarar ƙofar zaure. Ya ce, "Ina jin ki."

Na gaya masa. Ban yi kuka ba, ban ƙara gishiri ba. Shayin kwalta, kan dutse, gunkin Fir'auna, duk yana ji, har na ji kamar ya yi ɗan tsaki na raini. Sai na zo kan ranar Lahadi.

"Ya karanta takardar haihuwata a gaban mutane. Har layin ƙasa."

Ya gane layin da nake nufi, na sunan Mama.

"Sau nawa?"

"Uku."

"Maza nawa?"

"Biyar."

"Yaron yana ciki?"

Na rufe ido. "Yana ciki."

"Me ya ce?"

"Bai ce komai ba, Baba."

Na ji ya ja numfashi a hankali ya sauke. Na shirya jin ya ce na haɗa kayana. Na riga na fara kallon jakar da ke saman kabad.

"Na je wajen lauya," na ce da sauri. "Ta ce ba ƙazafi ba ne, amma tsangwama ce, ana iya kai ƙara. Sai dai ta ce maganar sunan ita kaɗai ba ta tsayawa a kotu."

"A kotunsu," in ji Baba. "Kin rubuta abin da ya yi?"

"Na rubuta duka."

"Ki riƙe takardar, kada ki kai mata tukuna. Kada Hammam ya ji, kada Zakiyya ta ji. Yaron ma kada ki ce masa kin gaya mini."

"To na ce su fasa zuwa?"

"Wa ya ce su fasa?" Muryarsa ba ta tashi ba ko kaɗan, abin da ya fi tsorata ni ke nan. "Su zo. Baƙo ba a taɓa shi a gidana, ko da gashin kansa ɗaya. Rago za a yanka masa, a sa shi a saman zaure. Ki taho ranar Laraba da takardar nan a jakarki. Shi ya iya karatu a gaban maza, ko? To ke ma na sa ki makaranta."

"Baba, mace a zaure? Gaban su Baffa?"

"Zaurena ne. Idan kin gama karantawa, yaron zan fara tambaya ko haka aka yi. Amsarsa ce za ta nuna ko za a karanta Fatiha."

Ya kashe wayar. Ina riƙe da ita a hannu sai ga saƙon Tamir ya shigo, da hoton tikitin jirgi guda uku: Na san za ki huce. Ustaz Midhat ya ce a gaya wa Hajji ya shirya, wai ya tanadi labaran Sa'idawa masu daɗi da zai ba su dariya.